Dandalin Disney a Ma'aunin Ƙafar Yaro

Shirin faɗakarwa na yau ya ɗauko batun tafiyar iyali zuwa manyan dandalolin shaƙatawa tare da ƙananan yara, wato waɗanda ba su haura shekara 7 ba, kuma misalin da za a tsaya a kansa shi ne Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, domin babu wani masauki irinsa da ya kai shi karɓar baƙi. Abin da ake kira dandali mai jigo ya bambanta da filin wasan yara na cikin gari, inda ake jera lilo da shillo da motocin wasa a fili ɗaya ba tare da wata alaƙa a tsakaninsu ba. A dandali mai jigo ana ɗaukar labari guda, ko wani zamani, ko wata ƙasa, sai a gina unguwa sukutum a kan wannan jigo, ta yadda gine-gine da tufafin ma'aikata da kiɗan da ke tashi har da abincin da ake sayarwa duk za su riƙa ba da labari ɗaya. Idan kuma aka haɗa irin wannan dandali da otal-otal da wuraren ninƙaya da motocin jigila, har iyali su iya yin mako guda ba su leƙa cikin gari ba, to ya zama masaukin shaƙatawa. Kalmar abin hawa kuwa, a duk inda ta fito a shirin nan, tana nufin kowace na'ura da ake shiga domin nishaɗi, daga kwalekwale mai tafiyar hawainiya zuwa jirgin dogo mai hawa da gangarowa a guje.

Wuraren shaƙatawa na jama'a sun daɗe a Turai, ga misali lambun Tivoli na birnin Copenhagen a ƙasar Denmak, wanda aka buɗe a 1843 kuma yake aiki har yau. Sai dai dandali mai jigo a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne daga Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955 a garin Anaheim na jihar Kalifoniya. Shi da kansa ya sha bayyana cewa tunanin ya zo masa ne a lokutan da yake kai 'ya'yansa mata biyu lambun Griffith a birnin Los Angeles, su suna hawan dawakan katako masu kewayawa, shi kuma yana zaune a benci ba shi da abin yi, sai ya ga ya kamata a samu wurin da babba da yaro za su ji daɗi tare. Da ya ga otal-otal da shagunan wasu sun yi wa Disneyland ƙawanya har babu wurin faɗaɗawa, sai kamfaninsa ya shiga sayen filaye a asirce a tsakiyar Fulorida a tsakanin 1964 da 1965, ta hannun ƙananan kamfanoni masu sunaye daban-daban domin kada masu filaye su farga su tsawwala kuɗi, har ya tara eka fiye da 27,000, mafi yawanta fadama da daji. Walt Disney ya rasu a Disamba 1966 kafin a fara ginin, yayansa Roy ne ya ja ragamar aikin har aka buɗe wurin ranar 1 ga Oktoba, 1971.

Wannan girman fili shi ne abu na farko da ke yaudarar iyali, domin hoton da yaro ya sani, har ma da iyayensa, shi ne na fadar Cinderella mai tsayin kimanin mita 58, alhali fadar tana cikin dandali ɗaya ne kawai daga cikin huɗu. Akwai Magic Kingdom na 1971, wanda shi ne ya fi dacewa da ƙananan yara. Akwai EPCOT na 1982, inda aka jera rumfunan ƙasashe 11 a gefen wani tafki da kewayensa ya kusa kilomita 2, cikinsu har da ta Maroko wadda Sarki Hassan na Biyu ya aiko magina daga ƙasarsa suka yi mata ado. Akwai Hollywood Studios na 1989. Sannan akwai Animal Kingdom na 1998, inda ake zaga baƙi a cikin buɗaɗɗiyar mota su ga raƙuman dawa da giwaye da dorina da karkanda a fili. Duka masaukin ya kai murabba'in kilomita 100, yana da otal fiye da 25, kuma daga wani dandali zuwa wani sai da bas, ko jirgin ruwa, ko jirgin dogo mai tafiya a kan gada, ko kuma akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe da aka fara amfani da su a 2019. Mai mota ma ba ya ajiye ta a ƙofar Magic Kingdom, sai ya bar ta a tsallaken wani tafki ya ƙarasa da jirgi. Ma'anar wannan ita ce yaro ɗan shekara 4 yakan cinye wani kaso na ƙarfinsa da haƙurinsa tun kafin ya ga abin da aka kawo shi gani, kuma yinin da babba zai taka kilomita masu yawa bai damu ba, yaro yana taka shi ne da sawu biyu ko uku a madadin kowane sawu ɗaya na babba. Shi ya sa keken tura yara ya zama dole ko ga yaron da ya daina hawansa a gida, kuma tun 2019 hukumar wurin ta ƙayyade cewa kada faɗinsa ya wuce santimita 79, tsawonsa kuma kada ya wuce 132.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko ɓarna saboda ba a ganinsa da ido, shi ne kuɗi. A 1971 babban mutum yana shiga Magic Kingdom da dala 3 da rabi, sannan ya sayi ɗan littafin tikiti na abubuwan hawa daban, tsarin da aka soke a 1982 aka koma biyan kuɗi ɗaya a ƙofa. A 2015 tikitin yini guda ya haura dala 100 a karon farko, kuma daga baya aka mai da farashin mai sauyawa gwargwadon rana, ta yadda lokutan hutun makarantu da na Kirsimeti suka fi tsada. Yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta, daga 3 zuwa 9 ana ba shi tikitin yara wanda bambancinsa da na manya 'yan daloli ne kacal, ɗan shekara 10 kuwa babba ne a wurin mai sayar da tikiti. Idan aka ɗora kuɗin jirgi da otal da abinci a kai, za a tarar iyali da yawa sun shekara suna tari kafin su taka ƙofar, kuma daga nan matsalar take tasowa. Masana halayyar ɗan Adam suna da abin da suke kira tasirin kuɗin da ya riga ya fita, wato ɗabi'ar mutum ta nacewa a kan abu saboda ya biya, ko da nacewar ba ta ƙara masa komai sai wahala. A wani bincike da Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa a 1985, an sayar wa mutane tikitin kallon wasan kwaikwayo na kakar wasa guda a wata jami'a a jihar Ohio, wasu a cikakken farashi, wasu da rangwame, sai aka ga waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi halartar wasannin a rabin farko na kakar, duk da cewa tikitin kowa iri ɗaya ne. Uban da ya biya ɗaruruwan daloli a ƙofa yana cikin wannan hali: yana son ya ci kuɗinsa, yana ƙirga abubuwan hawan da suka rage, yaron kuma ba ya ƙirga komai sai abin da jikinsa yake gaya masa. Kukan da ake yawan ji a dandalin da misalin ƙarfe 2 zuwa 3 na rana galibinsa daga wannan saɓani yake fitowa, kuma a irin wannan yini ne ake rasa ido garin neman gira.

Lissafin da ya kamata ya yi mulkin yinin shi ne na barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana, ɗan 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. Dandalin da ake buɗewa da ƙarfe 8 ko 9 na safe, a rufe shi da 10 ko 11 na dare, ba zai bar wa yaro wannan adadi ba idan aka ce sai an ga farkonsa da ƙarshensa. Dabarar da masu sanin wurin suka daɗe suna bi ita ce raba yinin gida biyu: a isa ƙofa kafin a buɗe, a yi amfani da awa uku ko huɗu na safiya lokacin da rana ba ta yi zafi ba kuma layuka ba su yi tsawo ba, a koma otal da hantsi ya wuce domin cin abinci da barci, sannan a dawo da yamma idan yaron ya farfaɗo. A nan ne amfanin kwana a otal na cikin masaukin yake bayyana, ba a adon ɗakunansa ba, domin shi ne ke sa komawar rana ta yiwu, kuma tun 2021 ana barin baƙin waɗannan otal su shiga dandali minti 30 kafin sauran jama'a. Ga iyalin da suka taso daga Najeriya ko Nijar akwai ƙarin lissafi, domin agogon Fulorida yana bayan nasu da awa 5 a lokacin zafi, awa 6 a lokacin sanyi, saboda haka yaro zai farka da tsakar dare yana neman karin kumallo, ya kuma fara gyangyaɗi tun la'asar a kwanakin farko. Hikima ita ce a bar kwana ɗaya ko biyu na farko ba tare da tikiti ba, sannan a ci moriyar wannan sammako na dole wajen isa ƙofa da wuri.

Daga barci sai tsawo. Yawancin abubuwan hawa masu gudu suna da ƙa'idar tsayin jiki, kuma ba shekaru ake tambaya ba, sanda ake kafawa a ƙofa a auna yaro. Ƙaramin jirgin dogo na Barnstormer yana buƙatar santimita 89, Seven Dwarfs Mine Train 97, Space Mountain 112, TRON da aka buɗe a 2023 kuma 122. Dalilin ƙa'idar shi ne ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai da wani girman jiki, kuma wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa ko kansa ya bugu a inda aka tanada domin bayan babba. Akwai iyayen da ke cusa takarda a takalmin yaro ko su tara masa gashi sama domin ya kai sandar, wanda hakan wauta ce da ke sanye da rigar ƙauna, kuma ma'aikata ba sa sassautawa ko da yatsa ɗaya ne ya rage. Abin da ya fi sauƙi shi ne a auna yaron a gida da takalminsa, a duba jerin ƙa'idojin kafin tafiya, kada a yi masa alkawarin abin da za a hana shi a gaban jama'a. Ga iyalin da ke da babban yaro da ƙarami an tanadi tsarin musanya, wanda ake kira Rider Switch, inda uba zai hau da babban yayin da uwa ke riƙe da ƙaramin, in sun sauko ita ma ta hau ba tare da ta sake bin dogon layi ba. Haka nan ba a barin yaron da bai kai shekara 7 ba ya hau komai sai tare da wanda ya kai 14.

Sandar awo tana auna jiki ne kawai, ba ta auna zuciya, kuma wannan fanni ne da iyaye suka fi sakaci da shi. Haunted Mansion, wato gidan fatalwa, ba shi da ƙa'idar tsawo ko kaɗan, jariri ma ana shiga da shi, amma yana farawa ne a ɗaki mai duhu da ƙara da kururuwa. Yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba bai gama rarrabe abin da yake na wasa da abin da yake na gaske ba, kuma duk fasahar dandalin an zuba ta ne domin a goge wannan iyaka, saboda haka abin da ke ba babba dariya yana iya hana yaro barci. Ko ɓeran nan Mickey, wanda yaron ya saba gani ɗan mitsitsi a talabijin, idan ya bayyana a gabansa da girman mutum, da ƙaton kai da fuskar da ba ta motsi, yara da yawa sukan ƙanƙame iyayensu, kuma tura yaro gaba domin a samu hoto ba ya haifar da komai sai hoton mai kuka. Hausawa na cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a cikin cunkoson dandali maganar tana da ɗaya gefen, domin abin da yaro mai tsayin mita ɗaya yake gani, wato gwiwoyi da jakunkuna da tayoyin kekuna, babba ba ya ganinsa sai ya durƙusa. Abin lura kuma shi ne abubuwan da ƙananan yara suka fi so galibi su ne mafi sauƙi: kwalekwalen da ke ratsa ɗaruruwan 'yan tsana masu rawa da tufafin ƙasashe daban-daban, wanda aka fara ƙerawa domin bajekolin duniya na birnin New York a 1964, da giwar Dumbo mai tashi sama tana kewayawa, da dawakan katako, da agwagin da ke yawo a bakin tafki waɗanda ba a biya ko sisi domin su ba. Ba abin mamaki ba ne a tambayi yaro abin da ya fi burge shi bayan an dawo gida, ya ce wurin ninƙaya na otal.

Layi shi ne babban aikin da ake yi a dandali, domin a 2019 kaɗai Magic Kingdom ya karɓi baƙi fiye da miliyan 20, kuma abin hawa irin Peter Pan's Flight, wanda tafiyarsa ba ta wuce minti 3 ba, sau da yawa jiransa yakan haura awa guda. David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya yi bayani a 1985 cewa jiran da mutum ba shi da abin yi a cikinsa ya fi tsawo a zuciya, haka ma jiran da ba a san ƙarshensa ba, kuma a kan irin wannan fahimta ake rubuta mintocin jira a ƙofar kowane abin hawa, ake kuma lanƙwasa layi a cika shi da abin kallo. A 2012 an sake gina wurin giwar Dumbo da rumfar wasa mai na'urar sanyaya ɗaki, inda yara ke guje-guje har lokacinsu ya zo, wanda hakan amincewa ce daga masu wurin cewa ɗan shekara 3 ba a halicce shi domin tsayuwa a layi ba. Tsarin tsallake layi kuwa ya canza fuska: a 1999 aka fito da FastPass, takardar da ke ba mutum lokacin dawowa kyauta, a 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi, wanda yanzu ake kira Lightning Lane, ana sayensa ta manhajar waya kuma farashinsa na hawa da sauka. Ga mai ƙananan yara yana rage wahala ƙwarai, sai dai yana da nasa haraji, domin yakan mai da uwa ko uba ma'aikacin waya mai sunkuye da kai yana farautar lokaci, yana jan iyali daga wannan kusurwa zuwa waccan domin kada sa'ar da aka saya ta wuce.

Zafin Fulorida yana buƙatar bayani na musamman ga wanda ya saba da zafin bazara na ƙasar Hausa ya ɗauka babu abin da zai ba shi tsoro. Daga Yuni zuwa Satumba ma'aunin zafi a Orlando yakan tsaya a wajen digiri 33, adadin da bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, amma iskar cike take da laima, wato tururin ruwa, kuma jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar bushewar gumi, saboda haka idan gumin ya ƙi bushewa zafin yana taruwa a ciki. Yaro ya fi babba saurin galabaita, ba ya kuma faɗin yana jin ƙishirwa sai abin ya yi nisa, ga shi a zaune a keke kusa da kwalta mai huci. Rufe keken da zane domin a yi masa inuwa yana tsare iska ya ƙara zafin ciki. Alamomin ƙarancin ruwa a jiki sun haɗa da bushewar baki, da raguwar fitsari ko daɗewar kunzugu bai jiƙe ba, da kuka ba hawaye, da sanyin jiki irin na wanda ba ya son wasa, kuma idan yaro ya fara rikicewa ko ya ƙi farkawa sosai to batun ya zama na gaggawa. Kowane ɗayan dandalolin huɗu yana da ɗakin taimakon farko da kuma cibiyar kula da jarirai, mai wurin shayarwa da canza kunzugu da ɗumama abinci, kuma wuraren sayar da abinci na tsaye suna ba da kofin ruwan sanyi kyauta ga wanda ya nema. A waɗannan watanni kusan kullum hadari yakan haɗu da rana tsaka, a yi ruwa da tsawa, a dakatar da abubuwan hawa na waje da wuraren ninƙaya har walƙiya ta yi nisa, wanda hakan wani dalili ne na kasancewa a ɗaki a wannan lokaci. Kakar mahaukaciyar guguwa kuma tana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Akwai haɗurra guda uku da ba a son ambatonsu a maganar hutu, amma shirin faɗakarwa ba zai tsallake su ba. Na farko ɓatan yaro ne, abin da duk wanda ya taɓa kai yara gidan zu na Kano ranar yawon Salla ya san yadda yake faruwa cikin ƙiftawar ido, galibi a lokacin da kowane babba ya ɗauka yaron yana hannun ɗayan. Maganinsa shi ne a riƙa faɗa da baki wane ne ke riƙe da wane, a ɗauki hoton yaro kowace safiya da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya a ɗaura masa a hannu, a kuma nuna masa alamar suna da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji domin ya san wanda zai nufa. Yaran da aka tsinta ana kai su cibiyar kula da jarirai ne. Na biyu ruwa ne, domin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana nutsewa a matsayin abin da ya fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar, kuma yaro yana nutsewa ne shiru ba tare da ihu ba, saboda haka kasancewar mai ceto a bakin wurin ninƙaya ba ta sauke wa iyaye nauyin tsayawa inda hannunsu zai kai gare shi. Tafkunan Fulorida kuma gidan kada ne, kuma bayan da kada ya kashe wani yaro ɗan shekara 2 a bakin tafkin wani otal na masaukin a Yuni 2016 aka kafa shinge da allunan gargaɗi a gaɓar ruwan. Na uku cuta ce mai yaɗuwa, domin wurin da mutanen ƙasashe da yawa ke cakuɗuwa wuri ne da ƙwayar cuta ke samun kasuwa: ɓarkewar ƙyanda da ta faro daga Disneyland na Kalifoniya a Disamba 2014 ta kama mutane fiye da 100 a Amurka ta kuma tsallaka Kanada da Meziko, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ba a yi musu rigakafi ba. Katin rigakafin yaro yana cikin kayan tafiya kamar fasfo.

Batun abinci bai da tsawo. An yarda baƙi su shiga da abincinsu da abin sha matuƙar ba a cikin kwalba ba, kuma wannan yana rage kashe kuɗi, yana kuma ceton yaron da ba ya cin abin da bai sani ba, sannan yana sauƙaƙa wa iyalin da ke kiyaye halal, tunda naman alade yana shiga abincin Amurka ta hanyoyin da baƙo ba zai zata ba.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko akwai amfanin kai yaron da ba zai tuna ba. Gaskiya ne manya ba sa iya tuno abubuwan da suka faru kafin su kai shekara 3 ko 4 sai ɗan abin da ba a rasa ba, lamarin da masana ke kira mantuwar ƙuruciya, saboda haka ɗan shekara 2 da ya shiga kyauta zai san tafiyar ne daga hotuna da labarin da za a riƙa ba shi. Wannan bai sa murnarsa ta wannan rana ta zama ƙarya ba, kamar yadda ba a fasa yi wa jariri wasa don ba zai tuna ba, amma yana nufin cewa iyalin da tafiya ɗaya kawai za su iya yi a rayuwarsu sun fi cin riba idan suka jira ƙaraminsu ya kai shekara 6 ko 7, ya wuce yawancin sandunan awo, ya daina barcin rana, ya kuma iya riƙe abin da ya gani. Wanda Amurka ta yi wa nisa kuma yana da Disneyland na kusa da birnin Paris a Faransa, da aka buɗe a 1992, mai dandali biyu da ake zuwa daga ɗaya zuwa ɗaya da ƙafa, ko Legoland na Dubai da aka buɗe a 2016 musamman domin yara 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma ƙanƙantar irin waɗannan wurare alheri ce ga gajeren sawu.

Sauran abin da ya rage shi ne dare. Wasan tartsatsin wuta da ake yi a saman fadar Cinderella shi ne abin da kowa ke jira, yana ɗaukar kimanin minti 18, kuma ana fara shi ne tsakanin ƙarfe 8 da 10 gwargwadon lokacin shekara, wato bayan lokacin kwanciyar yawancin ƙananan yara, ga shi mutane sukan kama wuri tun awa guda kafin a fara. Ƙararsa tana firgita wasu yaran, shi ya sa ake sa musu abin toshe kunne. Da zarar an gama kuma dubban mutane sukan nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya ta titi ɗaya, a sake kafa wani layin na jirgin ruwa da jirgin gada da bas, kuma dokar bas ita ce sai an naɗe keken yara kafin a shiga, ma'ana sai an ɗago yaron da barci ya riga ya kwashe an saɓa shi a kafaɗa, ɗaya hannun na riƙe da keke da jaka, wataƙila kuma a yi tafiyar a tsaye. Jirgin gada da manyan jiragen ruwa sukan bar keke ya shiga a buɗe, wanda hakan abin dubawa ne tun lokacin zaɓen otal. Iyalai da yawa sukan kalli wasan daga wajen dandalin, a bakin tafki ta gefen otal-otal irin su Polynesian, inda ƙarar ba ta kai ta ciki ba kuma babu turereniya, wasu kuma sukan ware masa dare guda kawai a cikin tafiyar, su bar safiyar da ke biye babu tikiti babu agogo, yaran su tashi lokacin da suka ga dama.